Feda ta cije, sandar sirdi ta kafe: a sa wuta ko a yi haƙuri?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan keke. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na jingine mashin na koma taka keke zuwa makaranta. Wanda nake hawa ya gaji, sai na sayi na hannu mai giya, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Lafiyarsa ƙalau in ban da abu biyu. Fedar hagu ta fashe, na sayo sabuwa, amma tsohuwar ta ƙi fita. Sannan sirdin ya yi mini ƙasa, gwiwata har neman taɓa kan keken take. Na kwance notin da ke matse sandar sirdin gaba ɗaya, sanda ko gezau. Maƙwabcina ya ce in kai wa mai walda ya gasa wurin. Na ce bari in ji ta bakinku tukuna.

Ɗan Walda: Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka ya gaya maka gaskiya Malam. Duk ƙarfen da ya yi taurin kai, da ya ji wuta zai yi laushi. Kai shi kawai, kafin ka gama gaisawa da mutane an cire.

Baba Mai Keke: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, dakata da maganar wuta. Mu fara da fedar. In kana tsugune a gefen hagun keken kana fuskantarsa, ina kake juya sifanar?

Malamin Firamare: Hagu nake juyawa Baba, yadda ake kwance kowane noti.

Baba Mai Keke: To ƙara ɗaure ta kake yi. Fedar hagu tiredinta, wato zaren da ke jikin ƙarfen da ake ɗaura ta da shi, a juye yake. Ita dama ake juya ta ta kwance, wato yadda hannun agogo ke tafiya. Ta dama ce ke bin ƙa'idar sauran notuna. In kana gudun ruɗewa, ga abin da nake gaya wa yarana a shago: ka sa sifanar ta miƙe tsaye, hannunta yana kallon sama, sai ka tura shi baya wajen tayar baya. Ko fedar hagu ce ko ta dama, baya ake turawa ta kwance. Sifana mai lamba 15 za ka nema, siririya wadda za ta shiga tsakanin feda da hannunta ta zauna daram. Kar ka sa filaya, za ta cinye kafaɗun ƙarfen ya zama mulmulalle, daga nan kuma aiki ya dawo sabo. Wasu fedojin na yanzu ba su da wurin sifana sam, ramin alanki ne a bayansu, wato makullin nan mai kusurwa shida, ka leƙa ka gani.

Mai Keken Tsere: Baba ya faɗi daidai. Ƙari kaɗan: kafin ka danna, ka ɗora sarƙar a kan babban faranti na gaba. In sifana ta suɓuce, haƙoran farantin nan ne ke yanka bayan hannu, amma in sarƙa na kansu sun rufu.

Maman Biyu: Ni tambaya gare ni. Me ya sa za su yi ɗaya a juye? Don a wahalar da mutane?

Injiniya: Ba mugunta ba ce Hajiya. Yayin da mutum ke takawa, nauyin ƙafarsa yana zagaya bakin ramin da fedar ke ciki, sai sandar fedar ta riƙa mirginawa kaɗan-kaɗan a cikin ramin, kishiyar yadda nauyin ke zagayawa. A gefen dama wannan mirginawar ɗaurewa take yi. A gefen hagu kuwa da an yi tiredin irin na kullum, da kwancewa za ta riƙa yi har ta faɗo a hanya. Shi ya sa aka juya shi. Illarsa ita ce feda kullum ƙara matsuwa take, in an shekara biyar ba a taɓa ta ba kuma ba giris, ga abin da Malam ke gani.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Malam ka duba sabbin fedojin kafin ka ɗaura, akwai harafi a gindin kowace. L ta hagu, R ta dama. Mu nan wajenmu tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot na dā, G ake rubutawa a ta hagu, D a ta dama, kuma tiredinsu ya ɗan fi na Ingila sirantaka. In ka ga sabuwa ta shiga zagaye ɗaya ta tsaya, kar ka tilasta mata. Da yatsu ake fara ɗaura feda, sai ta yi nisa a kawo sifana.

Ɗan Walda: To an gama da feda, na yarda. Sandar sirdi fa? Ita ma tiredinta a juye yake? Ku bar mutum ya kai a gasa masa.

Injiniya: Oga, kafin a gasa a san me ake gasawa. Malam, ka samo maganaɗisu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne. Ka manna a bodin keken, ka manna a sandar sirdin, ka gaya mana wanne ya kama.

Malamin Firamare: Na gwada yanzu. Bodin ya kama caraf. Sandar ba ta kama ba ko kaɗan. Kuma na lura da wani farin abu kamar gari a bakin inda ta shiga.

Injiniya: Madalla, an gano ciwon. Bodinka ƙarfe ne, sandar alminiyon ce, abin da muke ce wa dalma a kasuwa. Abin da ya riƙe ta ba jar tsatsar da muka sani ba ce. In ƙarfe da alminiyon suka daɗe a manne, ruwa ya shiga tsakaninsu, alminiyon ɗin ne ke ciwuwa, ya fitar da farin garin nan da ka gani. Garin ya fi ainihin ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, sai ya cika ɗan sararin da ke tsakani ya matse. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara abin ya fi tsanani, don ruwan gishiri na hanzarta shi, kuma yawancin kekunan hannu daga can suke zuwa.

Maganar wuta kuma: alminiyon yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Sandar ce a ciki, bodi a waje. Ka gasa wurin, na cikin ya fi na wajen buɗewa, ka ƙara matse ta ke nan. Ga fenti ya ƙone.

Ɗan Walda: Injiniya, karatu daban aiki daban. Da hannuna na cire irin wannan ba sau ɗaya ba. A gasa, a bar shi ya huce, a murɗa, ya fito. Ko ƙarya idona ya yi mini?

Injiniya: Idonka bai yi ƙarya ba. Ka lura da abin da ka ce: a bar shi ya huce. Kumburin da komawar ne ke farfasa farin garin, ba zafin kansa ba. Yana aiki wani lokaci. Amma kai ka san yawan wutar da za ka ba shi, yaron da ka bar wa shago bai sani ba. Kekuna da yawa ba walda aka yi wa gaɓoɓinsu ba, da tagulla aka like su, kuma mahaɗar bututu huɗu tana daidai wurin da za a gasa. In kuma bodin alminiyon ne, wuta tana kashe masa ƙarfi ko da ido bai ga komai ba.

Inda zan ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne fedar. Can alminiyon ɗin ne a waje, wato hannun feda, sandar fedar ƙarfe a ciki. Zafi buɗe ramin zai yi. Ba ma sai an je walda ba, Malam ya tafasa ruwa a buta ya kwarara a kan hannun fedar, ya murɗa tun da zafinsa.

Ɗan Walda: To ko kai fa. Ashe dai wutar tawa tana da rana.

Baba Mai Keke: Tana da rana ɗana, amma ita ce ta ƙarshe ba ta farko ba. Malam, ga yadda nake yi in an kawo mini irin taka.

Ka cire notin matsewar gaba ɗaya ka ajiye. Ka kifa keken, tayoyi sama. Kana so man ya shiga ta ƙasan sandar, ba ta sama kaɗai ba. In bodin yana da ƙananan ramukan da ake ɗaura mariƙin gorar ruwa a bututun da sandar ke ciki, ka kwance ɗaya ka ɗura ta nan da sirinji. Kananzir da ɗan man inji, ko irin man feshin nan na gwangwani. Ka bar shi a kife ya kwana, gobe ka ƙara, jibi ka ƙara. Injiniya zai ce mai ba ya narkar da farin garin, gaskiya ne, amma yana ratsawa ya sa santsi in ta fara motsi.

Bayan nan kar ka tsaya murɗa sirdi da hannu, ƙarfinka ba zai kai ba, sirdin kawai za ka lanƙwasa. Ka cire sirdin da tayoyin, ka kai wurin mai bayis babba wanda aka kafe a benci, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake matse abu a ciki. A matse kan sandar a cikin bayis, keken yana sama a kife, sai ku kama bodin ku biyu ku murɗa, dama, hagu, dama, hagu. Bodin ne ya zama hannun sifanarku. Za ka ji ta yi ƙara ƙas kamar wani abu ya karye, kar gabanka ya faɗi, sakinta ke nan. Daga nan ana murɗawa ana ja sama ana ƙara mai. Za ta yi zafi, in ta yi a dakata ta huce, don zafin matse ta yake.

Abu biyu kar ka yi. Kar ka doke ta da guduma ta sama wai don ta motsa, in ta nutse ciki ba abin kamawa. Kuma kar ka cusa sukundireba a tsagar bakin bututun ka buɗa da ƙarfi, kunnuwan nan biyu da noti ke shiga suna karyewa.

Mai Keken Tsere: Na ga wasu a intanet suna zuba soda ta narkar da sandar gaba ɗaya, bodin ƙarfe kuma ba abin da ya same shi. Ba ya fi sauƙi ba?

Maman Biyu: Wace soda? Ta sabulu? Ƙanena rufa wa kanka asiri. Sabulu nake yi, na san halinta. Ɗigo ɗaya ya faɗa ido an shiga uku, fata kuwa sai ta sale. Mu ko a tukunyar dalma ba ma haɗa ta, cinye tukunyar take, sai a roba mai kauri. Kuma ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba mata ruwa a kai, in ba haka ba ta tafaso ta fantsamo maka. A gidan da yara ke yawo za a kifa keke cike da soda? Malam kar ka soma.

Injiniya: Hajiya ta gama magana. Gaskiya ne soda tana cin alminiyon ta bar ƙarfe, amma yayin da take cin sa tana fitar da zafi da wata iska mai kama wuta, ruwan kuma yana tafasowa ta bakin bututun. Fentin ma ba zai tsira ba. In kuma aka yi rashin sa'a bodin alminiyon ne, keken gaba ɗaya aka narkar.

Baba Mai Keke: Ni ban taɓa sa ta a shagona ba. In bayis ya gaza, zarto nake ɗauka. A yanke sandar a bar kamar faɗin yatsa biyu a waje. A zare ruwan zarton ƙarfe daga marikinsa, a naɗe gefe ɗaya da tsumma, a zura cikin ramin sandar a riƙa yankawa a tsaye, daga ciki zuwa waje. Ana yi ana haska tocila. Alminiyon yana da laushi, garinsa fari ne, da ka ji zarton ya canja murya ka kai ga ƙarfe, tsaya. Tsaga biyu ko uku, sai a kama bakin da filaya a murɗe shi ciki, ya ɓare ya fito. Aikin yini ne, hannu zai yi kanta, amma keke na fita lafiya.

Ɗan Maiduguri: Tun da Baba na kusa bari in shigo da tawa, Malam ka yi haƙuri na hau maka zance. Mu nan tun da aka hana mashin a 2011 keke ya zama ƙafar kowa. Nawa Phoenix ne, baƙi, mai birkin ƙarfe. Hannun fedar hagu yana ƙwas-ƙwas duk takawa. Na ce bari in canja kwatafin, wato guntun ƙarfen nan mai noti da ke riƙe hannun feda a jikin sandar tsakiya, na kwance notinsa, na doka, sai kan ya lanƙwashe ya baje. Yanzu ba ya shiga ba ya fita.

Baba Mai Keke: Wannan kullum sai an kawo mini. Kwatafin ƙarfe ne mai laushi, da gangan aka yi shi haka don shi ya ciwu ya bar sandar tsakiya. In za a cire, ba a cire notin duka. A kwance shi har ya yi daidai da bakin tiredin, shi zai kare kan. Sannan dole a tokare hannun fedar ta ƙasa. Ka samo guntun bututun ƙarfe wanda tsawonsa zai kai daga ƙasa zuwa hannun fedar, ka kafa shi a kan siminti ko dutse, kan kwatafin mai kauri ya leƙa cikin ramin bututun. In ba ka tokare ba, duk dukan da ka yi boris ɗin tsakiya ne ke shan sa, su lotsa kofin da suke zaune a ciki, kwatafin kuma yana nan. Duka ɗaya mai nauyi da babbar guduma ya fi ƙananan duka ashirin. Ƙananan dukan nan su ne ke baje kai.

Naka da ya riga ya baje, ka yanke abin da ya leƙo da zarto ya yi daidai da hannun fedar, ka tokare yadda na ce, ka ɗora fanci ko tsohuwar sandar feda a kai ka doka. In ya ƙi, a huda tsakiyarsa da na'urar huda ƙarfe, zai saki.

Wajen sa sabo ka tafi da tsohon kasuwa, don kaurinsu ba ɗaya ba ne, akwai mai milimita 9 akwai mai 9.5. Da guduma ake zaunar da shi, noti riƙewa kawai yake. Masu jan sa da noti su ne ke tsinke tiredin. Kuma na hagu da na dama su kalli saɓanin juna: in ka miƙar da fedojin a kwance, ɗaya notinsa na sama, ɗaya na ƙasa. In suka kalli wuri ɗaya fedojin ba za su miƙe a layi ba, ka riƙa taka keke kana ɗingishi. Bayan kwana biyu da hawa ka ƙara masa duka ɗaya ka ƙara matse notin.

Ɗan Maiduguri: Allah ya saka da alheri Baba. In na buɗe tsakiyar don in sa giris, boris nawa zan tarar?

Baba Mai Keke: In zube suke ba a cikin keji ba, 11 kowane gefe, masu kaurin kwatan inci. Tayar baya 9 kowane gefe, su ma kwatan inci. Ta gaba ƙanana ne, yawanci 10. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ka buɗe, in suka faɗa cikin yashi sai dai ka sayi wasu. Kofin dama na tsakiya shi ma tiredinsa a juye yake a irin kekunanmu, amma ba ruwanka da shi, ta hagu ake buɗewa a wanke a mayar.

Alhajin Fagge: Baba ka tuna mini da Raleigh na mahaifinmu. Yana nan a zaure har yau, an ce kofin tsakiyarsa ya lalace, an sayo sabo ya ƙi shiga. Mai gyaran ya ce wai jabu ne muka sayo.

Baba Mai Keke: Alhaji ba lallai jabu ba ne. Tsofaffin Raleigh na Ingila tiredinsu nasu ne su kaɗai, zare 26 a inci ɗaya, sauran kekuna kuwa 24. Ido ba ya rabewa, sai an zo ɗaurawa ya shiga kaɗan ya cije. In aka tilasta an kashe bodin. A nemi kofin a jikin wani mataccen Raleigh wurin tsofaffin masu gyara, su ne ke ajiye irin wannan a gwangwani. Kar a yar da keken nan don Allah.

Direban Tirela: Ni fa duk wannan dogon bayani ban ga amfaninsa ba. Malami ya tsaya a allo, mai gyara ya tsaya a sifana. Kuna koya wa mutane gyara a gida, masu gyaran su ci me? Kuɗin cire feda nawa ne?

Maman Biyu: Yaya ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Keken yarona na kai wa wani mai gyara a bakin titi don birki kawai, notin ya ƙi kwancewa, ya ɗauko cizal da guduma ya sassare shi. Birki ya gyaru, amma yanzu ba sifanar da ke kama notin nan. In na san abin da ya kamata a yi, ko ban taɓa da hannuna ba zan iya cewa dakata.

Baba Mai Keke: Direba, kar ka ji mana tsoro. Abincinmu ba ya ƙarewa don Malam ya iya cire feda. Ni abin da ke cin raina a kawo mini aikin da aka riga aka ɓata, in yini a kai, in faɗi kuɗi a ce na yi tsada. Wanda ya san keken sa shi ne ke kawo shi da wuri. Maganar Hajiya kuma gaskiya ce, a cikinmu akwai waɗanda kayan aikinsu duka guduma ce da filaya. Ba laifinsu kaɗai ba ne, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, kuma sifana mai kyau kuɗi ce.

Direban Tirela: To na ji. Amma a bar maganar man gwangwani mai tsada. Baƙin mai da muke juyewa daga inji kyauta ne, shi nake zuba wa sarƙar keken yarana, ba ta taɓa tsatsa ba.

Mai Keken Tsere: Ba ta tsatsa amma tana ciwuwa Oga. Baƙin mai cike yake da garin ƙarfen inji, ga shi da danƙo. Bari hunturu ya shigo ƙura ta taso, duk sai ta manne a kai ta zama kamar samfefa tana goge sarƙar da haƙoran faranti. Ni WD-40 nake fesawa.

Injiniya: Kai ma ƙanena da sauranka. Wancan na wanki ne da kwance abin da ya cije, siriri ne, ba ya daɗewa a sarƙa. A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ba da fetur ba saboda wuta. Ta bushe, a ɗiga sabon man inji ko man keken ɗinki a kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a goge wajen tas da tsumma. Man da ke aiki shi ne wanda ya shige ciki, na waje ƙura kawai yake kira. Man gyaɗa kuma a bar shi a kicin, daskarewa yake ya zama ƙaro.

Direban Tirela: Ku dai kuna da kuɗin sabon mai.

Baba Mai Keke: Cikin murfin gora ɗaya ya ishi sarƙa, Direba. Ragowar da ke gindin galan in kun yi juye ma ta isa. Amma in baƙin man ne kaɗai a hannu, ya fi a bar ta a bushe tana kuka. A dai goge.

Shugaban Zaure: Jama'a a riƙa komawa kan tambayar Malam. Mai son maganar sarƙa ya buɗe nasa zancen daban.

Malamin Firamare: Alhamdu lillahi, ga rahoto. Feda ta fita tun ranar, ruwan zafi da sifana 15 na tura baya, na ɗan zura bututu a hannun sifanar don ya yi tsawo. Sandar sirdi kuma na jiƙa ta 'yan kwanaki yadda Baba ya ce, yau muka kai bayis wurin wani maƙeri. Ta yi ƙarar nan har maƙerin ya ce mun karya, sai ga ta tana juyawa. Ta fito, amma bayis ya lotsa kanta, kuma rabinta na ƙasa duk ta yi fari ta ciwu. In goge in mayar?

Ɗan Walda: Barka Malam. Da ka kawo mini da tuni ka manta, amma barka.

Baba Mai Keke: Barka da arziki. Kar ka mayar da ita, wadda ta lotse tana iya karyewa a ƙarƙashinka. Ka goge jikinta wajen ƙasa za ka ga lamba, irin 25.4 ko 26.8 ko 27.2, kaurinta ke nan a milimita. Irin lambar sak za ka saya. Ba a cewa ai kusan ɗaya ne. In ta yi siriri za ka yi ta matse noti har bakin bututun ya lanƙwashe, in ta yi kauri ka koma gidan jiya. In lambar ta goge ka tafi da sandar a gwada.

Kafin ka sa sabuwar ka naɗa samfefa a jikin sanda ka goge cikin bututun har farin garin ya fita, ka share da tsumma, ka shafe sabuwar da giris. Tiredin fedojin ma giris. Duk ƙarshen damina ka zare ta ka goge ka sake shafawa.

Mai Keken Tsere: Kuma Malam tun da ɗagawa za ka yi, akwai layi da aka zana a jikin sandar wajen ƙasa. Kar layin nan ya fito waje. In sai ka wuce shi sirdin ke yi maka daidai, doguwa za ka nema. Gwajin tsawo: ka zauna, ka ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe ba tare da ka karkata ba.

Malamin Firamare: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Lambar ta fito, 26.8 ce. Sai dai yanzu da sirdi zai hau, kan keken zai yi ƙasa. Na kwance dogon notin da ke tsakiyar kan, ya taso sama yana lilo, amma kan bai motsa ba. Shi ma jiƙa shi zan yi?

Baba Mai Keke: A'a, wannan da wuya in ciwo ne. A ƙarshen dogon notin akwai wani guntun ƙarfe mai gefe a karkace, shi ke cijewa a cikin fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Ka mayar da notin ciki ya kama tiredi sosai, ka bar kansa ya ɗago kamar kaurin yatsa, ka ɗora katako a kai ka doka da guduma sau ɗaya. Notin zai faɗa ƙasa, kan ya saki. Ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa. Shi ma yana da layinsa, kuma ka duba wayoyin birki da na giya ko tsawonsu zai kai kafin ka ɗaga. In ka doka notin ya faɗa amma kan ya ƙi juyawa, ka turo hoton wurin, zan duba bayan la'asar.